Tambayi Baba Malam: 'Yata na son zuwa koyarwa wurin Karenawa

Tambaya: Baba Malam, barka da aiki, ya iyali? Ni uwa ce a unguwar Yelwa, nan Garwa ta Kamaru, mu Kirista ne, maigidana ya rasu. 'Yata ta fari ta karanta Ingilishi a Jami'ar Marwa, tana koyarwa a wata makarantar kuɗi. Wata ƙawarta ta haɗa ta da wasu masu aikin bishara, sun ce ta zo ta yi wata uku tana koyar da yara a makarantar ƙauye, wurin wata ƙabila wai ita Karen, can wajen Tailan. Aikin sa kai ne, ba albashi, kuɗin jirgi ma mu za mu nema. Ta ce Ubangiji ne ya kira ta. Kawunta ya ce yaran sansanin gudun hijira na Minawawo sun ƙare ne? In bar ta ko in hana?

Amsa: Lafiya lau, 'yar'uwa, Allah ya raya marayu. Batun kira ba zan sa baki ba. Ni Musulmi ne, wannan tsakaninta ne da Ubangijinta da fastonku. Abin da na sani makarantar ƙauye ne, don a duwatsun Mokolo na yi darekta har na yi ritaya, kuma baƙi 'yan sa kai sun sha sauka a hannuna.

Fara tambayarta wannan: ƙauyen a wane gefen kogi yake? Karenawa a ƙasa biyu suke. Mafi yawansu suna Bama, wadda ake kira Myanmar yanzu, inda suke da jiharsu ta Kayin. Sauran suna duwatsun Tailan, a lardunan Tak da Mae Hong Son da Chiang Mai, kuma kogunan Moei da Salween ne iyaka a wajejen. A gefen Bama yaƙi ake. Tun 1949, shekara guda bayan samun 'yancin kai, ƙungiyarsu ta KNU take fafatawa da gwamnati, kuma bayan juyin mulkin soja na 1 ga Fabrairun 2021 jiragen yaƙi sun yi ta jefa bama-bamai a ƙauyuka, har makarantu da majami'u ba su tsira ba. In can ne, ki hana, kada ki ji kunyar kowa. Gefen Tailan lafiya ake zaune. Akwai ƙauyukan Karenawa 'yan ƙasa, akwai kuma sansanonin gudun hijira tara a bakin iyaka, mafi girmansu Mae La, wanda aka kafa a 1984. Baƙo ba ya shiga sansani sai da izinin hukuma.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Daura da garin Mae Sot na Tailan, ƙetaren kogi kaɗan, akwai Myawaddy, cikin jihar Kayin. A kewayensa 'yan damfara suka gina manyan gidaje inda ake tsare mutane, ana tilasta musu yaudarar jama'a ta intanet. Da tayin aiki a Tailan ake jawo su, a ɗauke su a mota daga filin jirgin Bankok, kafin su farga an haye da su kogi an karɓe fasfo. A farkon 2025 an fito da dubbai daga can, cikinsu har da 'yan Habasha da Kenya. Ban ce masu gayyatar 'yarki irinsu ba ne, amma ƙawa ta waya ba ta isa shaida ba. Fastonku ya kai maganar hedikwatar ikilisiyarku, su rubuta wa ikilisiyar can, amsa ta zo daga hukuma zuwa hukuma. A san sunan ƙauyen da lardinsa, a ga shugaban makarantar ido da ido ta wayar bidiyo. Dokar Tailan tana ɗaukar aikin sa kai a matsayin aiki ko da ba a biya ko sisi, saboda haka sai da bizar da ta dace da takardar izinin aiki. Duk wanda ya ce ta shigo da bizar yawon buɗe ido a gyara daga baya, ku rabu da shi. Fasfo a hannunta, tikitin dawowa a jakarta, da katin rigakafin shawara. Zazzaɓin sauron bakin iyakar nan ya yi suna wajen ƙin jin magani, ta ga likita kafin ta tashi.

Sannan kada ta tafi da tunanin ita ce za ta kai musu bishara. Adoniram Judson, ɗan mishan na Baftis daga Amurka, ya sauka Bama a 1813. An yi wa Bakarene na farko, Ko Tha Byu, baftisma a 1828, kuma shi ya zaga ƙauyuka yana wa'azi da harshensu. A 1853 sun riga sun sami Littafi Mai Tsarki cikakke da Sgaw, ɗaya daga cikin harsunansu, alhali na Hausa sai 1932, 'yan mishan na Norwe kuwa ba su iso Ngaundare ba sai 1925. Za ta tarar da fastocinsu da makarantun tauhidinsu da mawaƙan da ake labarinsu. Duk da haka mafi yawan Karenawa mabiya Buda ne, wasu na kan addinin gargajiya, kuma aji ɗaya kan haɗa su duka. Haka nawa ajin yake a Mokolo: 'ya'yan ƙabilar Mafa na addini uku a benci ɗaya. Uban da ya aiko ɗansa koyon Ingilishi, Ingilishi ya aiko shi koya. Wa'azi yana da majami'a ranar Lahadi.

Wata ukun nan ne ban yarda da shi ba. An taɓa turo mini wata baiwar Allah daga Turai na ɗan lokaci irin wannan. Mutuniyar kirki ce. Ta karɓi aji daga hannun malaminsa, ta koya musu waƙoƙi, ta ɗauki hotuna ba iyaka, tana fara gane sunayen yara lokacinta ya cika. Yara suka yi kuka, malamin ya dawo ya tarar an bar lissafi a baya, jarrabawa kuma ta ƙarato. Wani kuma ya yi shekara biyu. Bai karɓi ajin kowa ba, a bayan aji yake zama, da yamma su shirya darasin gobe da malamin, har ya iya ciniki da Mafanci a kasuwar Laraba. Malaman da ya taimaka wa sun ci gaba da abin da ya nuna musu bayan tafiyarsa. Shekarar karatu a Tailan tana farawa a watan Mayu, daidai faɗuwar damina, ta ƙare a Maris. In za ta je, ta yi shekarar cif, a ƙarƙashin shugaban makarantar, ta yi abin da ya ce yana bukata. Ta kuma koyi Sgaw. Harshe ne mai hawa da saukar murya, kunnen Bahaushiya ya saba da wannan. Shinkafa safe da rana da dare, da barkono da wani kifi da ake tsimawa, warinsa ya fi na daddawa. Za ta saba.

Kawunta ba ƙarya ya yi ba. Tun 2013 Minawawo ke cike da 'yan gudun hijirar Najeriya, da yawansu Kiristoci daga wajen Gwoza, suna jin Hausa, Ingilishi kuma suke bukata. Babban hutun Yuli da Agusta na tafe. Ta nemi izinin masu kula da sansanin ta yi shi a can, ko a wani ƙauye bayan Koza, ta kwana inda malamai ke kwana, ta ɗebo ruwanta da kanta. In ta dawo tana nan a kan bakanta, kuma amsar ikilisiyar can ta iso da sunan ƙauye a gefen Tailan, ki sa mata albarka ku fara tara kuɗin jirgi.