Garmar ja ko garmar ɗaurawa: wacce ta dace da taraktata?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Na sayi tarakta Massey Ferguson 375 ta hannu. Ina zaune a Hotoro, gonata tana wajen Kura, kuma ina so in riƙa yi wa mutane aikin haya da damina. An kawo mini tallar garma biyu: ɗaya mai tayoyinta ce, ana janta a baya kamar tirela, ɗayar kuma ana ɗaura ta a hannaye ukun nan na bayan tarakta a ɗaga ta sama. Mai tayar ta fi araha. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya alheri. Ɗauki ta ɗaurawa, amma da sharaɗi guda: sai ka tabbatar haidirolik ɗin taraktarka, wato na'urar mai da ke ɗaga hannayen baya, lafiya lau yake.

Dalilin farko yana jikin motar da ka saya. Hannaye ukun nan, biyu a ƙasa ɗaya a sama, Harry Ferguson, mutumin Ailan ta Arewa, ne ya ƙirƙiro su, ya yi musu rajista a 1926, kuma a kansu aka gina taraktocin da ke ɗauke da sunansa. Idan garmar ɗaurawa ta shiga ƙasa, nauyinta da turjiyar ƙasar suna komawa kan tayoyin baya, su danne su, sai tarakta ta ƙara kama ƙasa maimakon ta tsaya tana tonon rami. Akwai kuma liba a gefen direba wadda idan an saita ta, da garma ta ci karo da wuri mai tauri sai hannun sama ya ji matsin, haidirolik ya ɗan ɗaga garmar da kansa, ya mayar da ita bayan an wuce. Garmar ja nauyinta a kan tayoyinta yake, ba ta ba tarakta wannan taimakon. Wanda ya haɗa ta da 375 ya biya kuɗin fasahar da ba zai mora ba.

Na biyu, aikin hayar da ka ambata. Gonakin mutanenmu ƙanana ne, gado ya rarraba su, ga itatuwan ɗorawa da gawo a tsakiya, a yankin Kadawa kuma ga hanyoyin ruwa sun yanka filayen. Da ta ɗaurawa, direba ya kai ƙarshen gona ya ɗaga, ya yi baya, ya juya a ɗan wuri, har kusurwa zai shiga ya nome. Garmar ja tana son fili mai faɗi kafin ta juyo, komawa baya da ita kuwa wahala ce, sai ka ga an bar wa mai gona gefe-gefe ba a taɓa ba, ko a taka shukar maƙwabci a jawo rigima. Ga tafiya daga wannan ƙauye zuwa wancan, wani lokaci a kan titin Zariya cikin manyan motoci. Kowace taya da kowane boris da ke jikin garmar ja ƙarin abin lalacewa ne a tsakiyar damina, lokacin da manoma ke layi suna jiranka.

Ba cewa nake garmar ja ba ta da rana ba. A gona mai faɗin hekta da yawa a haɗe, ko ga garma mai faifai da yawa wadda ta fi ƙarfin ɗagawa, ko ga tsohuwar taraktar da haidirolik ɗinta ya mutu, ita ce magani. Tana kuma riƙe zurfi ɗaya a wuri mai tudu da kwari, tunda tayoyinta ke bin ƙasa. Kai dai ba a wannan hali kake ba.

Yanzu sharaɗin. Kafin ka ba da kuɗi, a ɗaura garmar, a bar injin ya yi zafi, a ɗaga ta sama a kashe motar. In ta fara saukowa nan da nan, ko tana karkarwa wajen ɗagawa, akwai yoyo a ciki ko famfon ya gaji, sai bakanike ya fara gyara wannan. A tarakta ta hannu, nan ne aka fi ɓoye ciwo. Duba kuma ramukan fin: 375 mai ƙarfin doki wajen 75 ce, ajinta na biyu a tsarin girman hannaye, don haka fin ɗin hannayen ƙasa kaurinsa milimita 28 ne. In na garmar siriri ne, a nemo bushin da ya dace a Ƙofar Ruwa. Kada ka yarda direba ya cusa guntun rodi ya ce ya wadatar.

Garma mai faifai uku ta ishe ka. Mai huɗu za ta wahalar da motar a laka irin ta fadama, ta kuma sa gabanta ya yi sauƙi a kan hanya, sai an rataya ƙarafan nauyi a gaba. In ka ga faifan gaba ya fi na baya nutsewa, a ƙara tsawon hannun sama. In gefe ɗaya ne ya karkace, a murɗa hannun da ke daidaita ɓangaren dama. Ƙaramar tayar ƙarfen nan ta can baya ita ke hana garmar ture tarakta gefe, ka tabbatar ba ta cinye ba.

Yawancin masu kiranka a jigawa ba garma za su nema ba, haro da rija suke so, domin rairayi ba ya buƙatar a juya shi da zurfi. Su ma a hannaye ukun nan ake ɗaura yawancinsu, don haka in kuɗin sun rage, ka ajiye su don rija.