Zuwa ga ɗana, kan shanun Arɗo da gonar babanka

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso ni lafiya, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka yanke. Ina gaida mai ɗakinka da yara, da fatan sanyin Gaundare bai matsa muku ba.

Ka ce tun da Allah Ya yi wa babanka rasuwa gonarsa ta hanyar Pitowa ta dawo hannunka, ka kuma tarar duk kaka ana fitar da dami goma na dawa da kanwa a kai wa Arɗo, a bar masa kara da harawa, don ya sauke shanunsa a gonar su yi rani. Kana tambaya ko dole ne, tunda kuɗin dawar nan zai iya sayen takin zamani, wanda ka ce ya fi sauri kuma ba ya buƙatar roƙon kowa.

Ba farilla ba ce, kuma ba wanda zai kai ka ƙara fadar Lamiɗo in ka bari. Amma ni baffanka ina roƙonka kada ka bari, domin na taɓa bari, na ga abin da ya biyo baya.

Lokacin da muke yara, da an gama yankan dawa kakanka yake aika goro ruga. Bayan kwana biyu sai ka ji kukan maruƙa a gona. Inda shanu ke kwana shi ne mashekari, kuma ba a barin su wuri guda. Sukan yi 'yan kwanaki a nan, a matsa da su gaba, har su zagaye inda ƙasa ta fi rauni. Ni da babanka mu ake tura wa da sassafe karɓo nono, mu tarar ƙasar ta jiƙe da fitsari, kashin na tururi cikin sanyin hunturu. Kafin bazara gara ta gama aikinta. In ka ɗaga busasshen kashi da ƙafa sai ka ga ƙarƙashinsa duk ramuka, ta shige da shi cikin ƙasa. Da damina kuwa, daga kan hanya za ka nuna inda shanu suka kwana, don dawar wurin kore shar take har tana yin baƙi-baƙi, ta ɗara ta gefenta tsawo. Ban da wannan, tokar murhu da sharar tsakar gida da kashin awaki duk juji ake tara su, da rani mu ɗora wa jaki a mangala mu kai gona. Gonar da ta gaji kuma a bar ta saura shekaru, gamba ta rufe ta.

Saura ita ta fara ɓacewa. Jama'a ta yi yawa, mutane suka yi ta gangarowa daga wajen Marwa da duwatsun Mandara zuwa ƙasar Binuwai neman gona, balle bayan an gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982. Yau wa zai bar gona ta huta shekara biyar bai tarar wani ya nemi aronta ba?

Takin buhu kuwa auduga ce ta kawo mana shi. Sodecoton, kamfanin audugar da aka kafa a 1974, yakan ba manomi taki bashi, a cire kuɗin ranar awon auduga. Muka ga abin da ya yi wa auduga, muka fara ɗiba muna zuba wa masara. Wallahi ɗana, shekarar farko da na gwada, na tsaya a bakin gona ina kallon goyon masara kamar ba gonata ba. Ba zan zagi takin nan ba, ya ciyar da gidaje da yawa, har da namu. Amma a kan wannan murnar na sallami Fulanin da ke sauka a gonata ta tudu. Na ce me zai sa in ba da dawa a kan abin da buhu ke yi cikin mako biyu? Karan ma na riƙa kwashewa ina sayarwa, abin da ya rage in sa masa wuta. Babanka, Allah Ya jiƙansa, ya ce shi dai zai ci gaba da shanu ya kuma sayi buhu daidai ƙarfinsa. Gonakinmu iyaka ɗaya ce ta raba su.

Ban ga komai ba a shekarun farko. Sannu a hankali ƙasata ta fara yin fari. In an yi ruwa sai samanta ya daskare kamar daɓe, ruwan ya gudu ya bar ta, kwana uku da ɗaukewarsa masara ta fara naɗe ganye. Fartanya in ta sauka sai ka ji ƙara. Tana, da muke tonowa a kowace kunya, na daina ganinta. Inda buhu ɗaya ke isa sai da biyu. Sai ƙuduji, ciyawar nan mai tsotsar saiwar dawa, ya shigo, jan furen nan nasa ya cika gindin dawa. Ana cikin haka aka karya darajar kuɗinmu sefa a watan Janairun 1994, kuɗin taki ya yi tsalle, na rage abin da nake zubawa, amfanin ya faɗi warwas. A shekarar nan daga rumbun babanka muka ci tuwo har wata biyu. Wani ɓangaren gonar tawa ya zama faƙo, irin wanda Fulani ke ce wa harde, ko ciyawa ba ta son fitowa.

Kai da ka yi boko ka fi ni sanin abin da ke rubuce a jikin buhu. Lambobi ukun nan na NPK abinci uku ne na shuka: na ganye, na saiwa, da na ƙarfin kara da cikar ƙwaya. Yuriya kuwa abu ɗaya ne a cikinta, naitirojin, wato abincin ganye, kashi 46 cikin ɗari. Duk cikinsu babu abin da zai ruɓe ya zama ƙasa. Ƙasarmu ta tudu yashi ya fi yawa a cikinta, kuma abin da ke riƙe mata ruwa, ya riƙe takin da ka zuba kada ruwa ya wanke shi, shi ne ruɓaɓɓen kashi da kara da ganye. In babu shi, rabin kuɗinka ruwan sama kake ba wa. Wani malamin gona ya taɓa yi mini bayani cewa yuriya in aka daɗe ana zuba ta ita kaɗai tana sa ƙasa tsami, ƙuduji kuma ƙasa mai yunwa yake so, ƙwayarsa tana iya kwanciya fiye da shekara goma tana jira. Duk abin da ya faɗa na riga na gani da idona kafin ya ba shi suna.

Kada kuma ka ji wannan ka ce ka yi sallama da buhu. Shanun Arɗo ba za su rufe gonar duka a rani ɗaya ba, kashin saniyar da ke cin busasshen kara bai kai na damina ƙarfi ba, masara kuma mayunwaciya ce. Haɗa su za ka yi. A ƙasar da shanu suka kwana, ɗan takin da ka zuba sai ya yi aikin mai yawa, shi ya sa da taki ya yi tsada a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, gonar babanka ba ta ji jiki kamar na maƙwabta ba. Ka gaya wa masu yi maka aiki su daina watsa yuriya a sama cikin rana, iska ke shanye ƙarfinta. A jira ƙasa ta yi laima, a tona ɗan rami nesa kaɗan da gindin shuka, a zuba a rufe. In ta taɓa kara ƙona shi take yi. Ɗanyen kashi ma yana ƙona shuka yana kawo irin ciyawa, don haka na gida a tara shi a rami da kara da toka, a riƙa yayyafa ruwa har ya ruɓe ya daina zafi. Jujin yanzu sai an tsince shi, leda da tsofaffin batura sun cika shi.

Wake da gyaɗa kada su fita daga gonar, a riƙa juya su da dawa da masara. In ka zo, ka tuge wake guda ka duba saiwarsa, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. Fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne, to taki yake haɗa wa ƙasa daga iska. Sai gawon nan guda huɗu. Na ji wani ya ba ka shawarar sare su don garmar shanu ta wuce. Kada ka taɓa ko ɗaya. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma yana da inuwa, shanu su kwanta ƙarƙashinsa su ci 'ya'yansa su bar kashi. Kakanka ne ya bar su tun suna tsiro, yana kewaye su da ƙaya.

Akwai kuma abin da ba ka sa a lissafinka ba. Mahaifin Arɗon nan da kakanka suka ƙulla wannan magana. Shekarar da shanunsu suka ɓalle suka cinye wa babanka wake, ba a je wurin jandarma ba. Arɗo da kansa ya zo da asuba ya tsuguna a zaure, aka kimanta ɓarna, ya biya da ɗan maraƙi, da rani kuma ya ƙara wa gonar kwanaki. Kana jin abin da ke faruwa tsakanin manoma da makiyaya a wurare da dama yanzu. Kai kana Gaundare, gonarka tana nan, mutanen da ke kwana a cikinta rabin shekara gara su zama waɗanda suka ci goronka.

In dami goman ne ya yi maka nauyi bana, ana iya magana, ba a kan dutse aka rubuta shi ba. Abin da zan so ka ƙara a sharaɗi shi ne kada saniya ta shiga sai an gama tsinkar audugar maƙwabta, kuma a fara mashekarin daga kusurwar gabas, inda na ga ƙuduji ya ɓullo bara. Ka yi ƙoƙari ka zo kafin a gama yankan dawa, ka taho da goro da turmin atamfa na uwargidansa. Ni zan raka ka rugar, don tun rasuwar babanka Arɗo yake tambaya wanne ne cikinku ya riƙe gonar.

Ka gaida mutanen gida. Baffanka.