Amsa kan feshin farar ƙasa da farar wuta a lambu

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce ka ga bidiyon manoman Iran suna fesa wa itatuwan fistashiyo, wato wata bishiya mai 'ya'ya da ake cin ƙwayarsu kamar gyaɗa, wani farin ruwa, kana son sanin ko mene ne, kuma ko zai yi a lambunka na bakin Rima.

Farar ƙasa ce, wato yumɓun da ake kira kaolin, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, sai dai tasu an tace ta, ta yi laushi kamar hoda. A yankin Rafsanjan na Iran abin da ya addabi manoman wani ɗan ƙwaro ne dangin darɓa. Yana tsotse ruwan ganye, ya bar farin kashi mai zaƙi, ganye ya zube, ƙwaya ta ƙi cika. An yi ta zuba masa guba har ya saba da ita, shi ya sa da yawa suka koma ga farar ƙasa da garin farar wuta. Shi kansa fistashiyo kada ka wahalar da kanka, yana son ɗaruruwan awoyi na sanyi ƙasa da digiri 7 kafin ya yi fure, hunturun Sakkwato bai kai nan ba.

Amma farar ƙasar na daɗe ina fesa wa gwaiba da mangwaro, kuma tana aiki. Ka dai sani kariya ce, ba guba ba. Ƙwaro ya sauka, ƙura ta manne masa a ƙafa da baki, ya kasa gane ganyen, ya tashi. Don haka tun kafin su cika lambu ake fesawa. Tana kuma rage ƙunar rana a jikin 'ya'yan.

Nakan jiƙa kilo 1 a lita 20 ta kwana, in tace da ƙyallen tatar koko. In ka tsallake tacewar, yashi zai toshe bakin injin feshi tun kan bishiyar farko. Ka riƙa girgiza tanki kana tafiya, domin tana kwantawa. Ka juya bakin sama ka samu ƙarƙashin ganye, can suke ɓuya. In ya bushe za ka ga ganyen ya yi furu-furu, in ka shafa ya bar fari a yatsa. Sabon toho kuwa bai da komai a jikinsa, sai ka sake bi, haka ma in ruwan sama ya wanke. Lokacin fure ka dakata saboda ƙudan zuma.

Farar wuta ce nake jiye maka tsoro. Da zafi ya haura digiri 32 tana ƙona ganye, mu kuma daga Maris zuwa Mayu har 40 muke wucewa. In ta zama dole, sai cikin sanyin Disamba da Janairu, da yamma, kuma kada ka haɗa ta da man dogon yaro ko wani mai. Ka rufe hanci da ido. Ka fara da bishiya biyu tukuna, ka ga yadda za su karɓa. Allah ya ba da sa'a.