Da gaske ne ana iya fidda gaz na girki daga ruwa da pano na sola?

Wani ɗan'uwa daga Tahoua ya turo wannan ta WhatsApp: "Malam ina wuni. Na ga wani bidiyo, mutum ya sa waya biyu cikin bido na ruwa ya haɗa da pano, iska na hitowa ya kunna wuta ta kama. Ni ina da pano guda na wat 300, shin in na yi haka zan huta da sayen gaz?"

Lafiya lau ɗan'uwa. Bidiyon ba siddabaru ba ne, iskar da ka gani sunanta idirojen, wadda ƴan Najeriya ke ce ma haidurojin, amma maganar hutawa da sayen gaz kam a'a, bari ka ga lissafin.

Ruwa haɗin iska biyu ne, idirojen da oksijen, in ka bi da wutar lantarki ta cikinsa sai su rabu. Tun 1800 wasu Turawan Ingila biyu, Nicholson da Carlisle, suka gano haka. Ni kaina duk shekara ina nuna ma ɗalibaina a nan Yamai, kofin gilashi, bakin fensir biyu, ƙaramin batir mai bolt 9 da ɗan bikarbonat, sai ka ga kumfa na tashi sirisiri, gefen waya mai alamar ragi ya fi yawa nesa ba kusa ba, wannan shi ne idirojen ɗin. In muka tara shi a ƴar kwalba muka kusanto da ashana sai ya yi "fuf", aji ya kaure da ihu.

To ga inda gizo ke saƙar. Ruwa ba makamashi ba ne, kamar toka yake, idirojen ne da ya riga ya ƙone. Kafin ka maido shi sai ka biya da wuta fiye da abin da zai ba ka. Kilo guda na idirojen na cin lita 9 na ruwa mai tsabta, wannan ba komai ba ne, amma injinan kirki na masana'anta ma suna shan wajen kilowat 50 zuwa 55, irin kilowat ɗin da kwantar wutar lantarki ta gida ke ƙirgawa, in ka ƙone kilon kuma kilowat 33 zai maido maka. Panonka na wat 300, da ranar Adar ɗin nan mai ƙuna, in ka goge ƙura zai ba ka kamar kilowat 1 da rabi a yini, kenan sama da wata guda kafin ka tara kilo ɗaya. Ƙaramar tukunyar gaz mai kilo 6 da uwargida ke girki da ita kuwa, sai ka samu idirojen fiye da kilo 2 kafin ka kamo ta, wajen kwana 80 kenan ba ka kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba, ba ka caja waya ba. Kuma da injin kirki ne fa, bido da waya biyu ba za su kai ko kusa ba.

Sannan ina za ka zuba shi? Kilo guda in ba a matse ba yana cika fili na kusan mita kib 11, ƙaramin ɗaki sukutum, shi ya sa motocin da ke aiki da shi suke da tanki na musamman mai matsin bar 700, wato kamar ninki 700 na matsin iskar da ke kewaye da mu. Tukunyar gaz tamu ba don shi aka ƙera ta ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali a irin bidiyon nan shi ne bido guda, murfi guda, tiyo guda, wato idirojen da oksijen a cakuɗe suke fita. Wannan haɗin ba ci yake ba, fashewa yake, wutar na iya bin tiyo ta koma cikin bidon. Idirojen ba shi da wari, harshen wutarsa da rana da ƙyar ake gani, kuma kashi 4 cikin 100 kawai a iskar ɗaki ya isa ya kama. Wasu ma gishiri suke zubawa wai don kumfa ta ƙaru, alhali gishiri iskar kulor yake fiddawa mai ƙona huhu. Don Allah kar yara su gwada a ɗaki.

Akwai masu binciken yadda hasken rana zai raba ruwa kai tsaye ba pano ba waya, tun da Fujishima da Honda na Japan suka nuna hanyar a 1972, amma har yau abin bai fito kasuwa ba.

Inda idirojen na sola ke da amfani na gaske manyan masana'antu ne, musamman takin zamani, don iriya da manomanmu ke saye da idirojen ake haɗa ta, yanzu galibi daga iskar gaz ta ƙarƙashin ƙasa ake samo shi. Rana kam Allah ya hore mana, marigayi Farfesa Abdou Moumouni tun zamanin ONERSOL, tsohuwar ma'aikatar makamashin rana ta Nijar, yake wannan kira, ga tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 nan kusa da ku da ta Gorou Banda mai megawat 30.

Kai dai da panonka, nemi batir mai kyau, na litiyom yana maido maka wajen kashi 90 na wutar da ka zuba, ka kunna fanka da fitila, in hali ya samu ka ƙara pano ka sa firiji. Girki kuma a bar ma Hajiya tukunyarta.