Golf ɗina tana zafi a gosulo, fanka ba ta tashi: a yi mata dairek?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Golf 3. Idan ina gudu a hanyar Zariya zuwa Kano lafiya lau, amma da na shiga cunkoso cikin gari sai allurar zafi ta haura, fankar lagireto kuma shiru. Mai wayarin ya ce kawai a haɗa ta dairek da makulli a huta. In yarda?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka yarda tukuna. Bayanin da ka yi ya riga ya nuna inda ciwon yake. A kan titi iskar da ke dukan gaban mota ta isa ta sanyaya ruwan lagireto, shi ya sa ba ka ganin komai. Sai mota ta tsaya ko tana rarrafe aikin ke komawa kan fanka. Abin da ya rage shi ne a gano a ina wuta ta yanke, kuma wuraren ba su da yawa: fis, swicin zafi, motar fankar kanta (injin lantarkin da ke juya ta), sai waya da soket.

Kafin a taɓa komai, ka sani fankar Golf 3 tana samun wuta kai tsaye daga batir, ba ta jiran makulli. Tana iya tashi ko da an kashe inji, saboda haka ba a sa hannu cikin fuka-fukanta sai an cire kan batir. Murfin tankin ruwa kuma ba a buɗe shi inji na da zafi.

A fara da ruwa, inji na sanyi. Mutane kan tsallake wannan su tafi neman waya. Swicin da ke tayar da fanka a jikin lagireto yake ɗaure, kuma zafin ruwan da ya taɓa shi yake ji. Idan ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga, inji zai yi ta ƙuna swicin bai sani ba. Haka idan tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, ta maƙale a rufe: ruwan zafi ba zai zagaya ta lagireto ba. Ka bar injin ya ɗau zafi ka taɓa tiyon ƙasa da hattara. In allura ta wuce 90 amma tiyon da sanyinsa, laifin ba na wuta ba ne. Sai dai mai irin wannan matsala yakan ga zafi har a kan titi, to naka bai yi kama da haka ba.

Daga nan fis. A akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari, mai lamba 19 ne, na amfiya 30. Kada a tsaya duba shi da ido, a sa kwan gwaji a kan ƙafafunsa biyu, dole kowace ta kawo wuta. Motar da ke da AC tana da ƙarin akwatin sarrafa fanka a cikin bonet, da wani fis na ƙarfe mai faɗi a kansa, wanda yakan tsage siririn tsagu da ido ba ya kamawa sai an kwance shi. Idan aka sa sabon fis ya sake ƙonewa, to akwai dalili: ko waya ta goge tana taɓa bodi, ko motar fanka ta yi tauri tana jan wuta fiye da kima. Masu naɗa zaren waya a madadin fis suna mayar da wayarin motar ne ya zama fis ɗin, kuma ta nan gobara ke tashi.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne na soket ɗin swicin zafi. A zare shi, za a ga ramuka uku. Da kwan gwaji a nemo wanda ke da wuta kullum. Sannan a ɗauki guntuwar waya mai kauri, wadda aka sa wa fis a tsakiya, a haɗa ramin mai wuta da ɗaya daga cikin sauran biyun, sannan da ɗayan. Ɗaya ya kamata ya ba da ƙaramin gudu, ɗayan babban gudu. Swicin an yi shi ne ya kunna ƙaramin a tsakanin digiri 92 zuwa 97, babban kuma daga 99 zuwa 105.

Idan duka biyun suka tashi, fanka da waya lafiyarsu ƙalau, swicin ne ya mutu. Canza shi ba wani aiki ba ne: inji na sanyi a tsiyaye ruwa, a kwance tsohon, a ɗaura sabo da sabuwar washa, a cika ruwa, a bar inji ya yi aiki har iska ta fita fanka ta tashi ta tsaya da kanta. Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa ne ko a Panteka, a duba lambobin zafin da aka buga a jikinsa su dace da na tsohon.

Idan babban gudu ya zo ƙaramin bai zo ba, rezistan da ke rage gudun ne ya ƙone. Wannan yana ruɗar mutane, domin fankar takan tashi amma sai allura ta yi nisa, mai mota ya ce ai tana aiki. Idan kuma ramin bai da wuta sam, a koma baya a bi waya har zuwa fis.

Idan akwai wuta amma ko ɗaya bai motsa ba, a zare soket ɗin fankar a ba ta wuta kai tsaye daga batir. Ta ƙi juyawa, ko sai an ƙwanƙwasa bayanta da mariƙin sukundireba take tashi? Burushin gawayin cikinta ya cinye. A cire kan batir a juya ta da hannu. In tana gurzawa ko tana lilo, boris ɗin da take juyawa a kansa ya tafi, gara a canza ta gaba ɗaya. In kuwa ta juya garau, saura wayar at, wato wadda ke mayar da wuta zuwa negatif ɗin batir. A Golf launinta ruwan ƙasa ne. A sa mita tsakanin ƙafar at ta fankar da kan batir na negatif yayin da aka ba ta wuta: abin da ya kai rabin bolt ya nuna tsatsa ko sakwarkwacewa. A kankare wurin har ƙarfe ya yi haske a ɗaure. Soket ɗin da ya yi baƙi ko robarsa ta narke a yanke shi a sa wani, matse shi da filaya ba ya daɗewa.

Wani abu da ake yawan yi idan an ɗauko fankar wata mota aka dasa: a juya wayoyin. Fanka za ta yi ta ƙara, amma tana tura iska waje maimakon ta jawo ta cikin lagireto zuwa wajen inji. A sa takarda a gaban lagireto, in ta manne daidai ne.

To batun dairek. A matsayin dabarar isa gida daga daji, babu laifi. A matsayin gyara, ban yarda da shi ba. Fanka takan ja amfiya goma zuwa ashirin, kuma idan aka rataya wannan nauyi a layin makulli ba rile (swicin lantarkin da ke ɗauke wa makulli nauyin wuta), kan makullin ne zai fara ƙonewa. Fankar da aka yi don ta huta za ta yi ta juyi tun daga tayar da mota, burushinta ya ƙare da wuri. Sannan ka rasa abin da Golf ke yi na sanyaya kanta bayan an kashe ta, wanda a zafin Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, ba ƙaramin amfani ne da shi ba. Galibi kuma mai yin dairek yakan haɗa da zare tamostat, inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, shan mai ya ƙaru.

Ka ce wa mai wayarin ya yi gwajin soket ɗin nan a gabanka, ba zai ci minti biyar ba. Kafin nan, duk lokacin da allura ta doshi 110 ka faka ka kashe, kada gasket ya ƙone.