Sabobi uku, adireshi ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a Jos. Na girka Ubuntu 22.04 a kan Proxmox, manhajar da ke ba da damar gudanar da sabobi da yawa a cikin kwamfuta guda, da na gama saita komai sai na kwafe shi gida uku don in huta da maimaita aiki. Kowace saba (server) na ba ta sunanta, lambar MAC ɗinsu, wato lambar katin netwok, ma daban-daban, amma adireshin IP ɗaya rawuta ke ba su. In wannan ta hau, waccan ta faɗi. Ina matsalar take?
Mai karatu daga Farin Gada, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Suna ka sauya musu, amma katin shaidarsu ɗaya ne, kamar mutum uku da ke yawo da lambar NIN guda.

Shiga kowace saba ka rubuta cat /etc/machine-id. Za ka ga layi ɗaya mai alamomi 32, lambobi gauraye da haruffa daga a zuwa f. Jera ukun ka duba, za ka tarar ba bambancin ko harafi ɗaya. Ana ƙirƙirar wannan lamba ne sau ɗaya, wajen girkawa ko tashin farko, don haka da ka kwafi faifan ka kwafe har da ita. Ita kuwa Ubuntu Server, tun daga 18.04, idan za ta nemi adireshi ta DHCP, wato hanyar da rawuta ke raba adireshi kai tsaye, ba MAC take nunawa ba, wata shaida ce da systemd-networkd, manhajar da ke kula da netwok ɗinta, ke samarwa daga wannan lambar. Rawuta sai ta ɗauka baƙo ɗaya ne ke ta sallama.

Abin nan ya taɓa cinye mini dare guda a wani ofis a Wuse, Abuja. Na dage cewa rawuta ce ta lalace, har na sa aka sayo sabuwa a kasuwar kayan lantarki ta Banex, aka jona, matsala na nan daram. Har yau kuɗin mutanen nan na yi mini ciwo.

Gyaran ba wuya. A kowace saba ka kwashe abin da ke cikin fayil ɗin da sudo truncate -s 0 /etc/machine-id. To amma tsaya, a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Akwai wani fayil, /var/lib/dbus/machine-id, kuma idan tsohuwar lambar na zaune a cikinsa, daga nan za a sake ɗebo ta, ka koma gidan jiya. Goge shi, ka mayar da shi mahaɗi mai nuni zuwa fayil na farko da sudo ln -s /etc/machine-id /var/lib/dbus/machine-id. Sannan ka rubuta sudo systemd-machine-id-setup, ka kashe ka kunna. Umarnin hostnamectl zai nuna maka sabuwar lambar.

Ainihin wanda kake kwafa daga gare shi ma ka bar fayil ɗinsa na /etc/machine-id fanko kafin ka kashe shi, kowane sabon kwafi zai samar da tasa lambar da kansa.

Tunda hannunka na ciki, makullan SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa, da ke /etc/ssh su ma iri ɗaya ne a ukun, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali, domin wanda ya sace na ɗaya zai iya yin sojan gona da sunan sauran. Goge fayilolin da suka fara da ssh_host_, ka rubuta sudo dpkg-reconfigure openssh-server. Ka yi aikin bayan an tashi makaranta, ta allon Proxmox, saboda adireshin zai sauya ya yanke ka daga SSH.