Hoton ƙirji ya nuna tabo: tarin fuka ne?

Malam, ka ce yayanka ya fi wata guda yana tari, ga zazzaɓin yamma da rama, hoton ƙirji ya nuna tabo a saman huhun dama, kana tambaya ko ya fara magani. Allah ya ba shi lafiya. Kada ya fara sai an gwada kakinsa.

Gaskiya ne tarin fuka a jikin babba ya fi son saman huhu. Likita yana neman farin hazo a ƙarƙashin ƙashin wuya, ko kogo mai kaurin baki, ko ruwa da ya taru a gefen huhu, wani lokacin kuma ƙananan ɗigo ko'ina kamar an watsa gero. Sai dai hoto ba ya gaya maka ko ƙwayar cutar tana da rai. Wanda ya warke shekaru da suka wuce yana nan da tabonsa. Wanda ya daɗe a ramin zinariya, a Komabangu ko Jado, ƙurar dutse tana ɓata saman huhu har hoton ya yi kama da na fuka, kuma sau da yawa cututtukan biyu tare suke, don haka a faɗa wa likita aikin da ya yi. Mai sida kuwa, idan jikinsa ya yi rauni, hoton yana iya fitowa fes alhali cutar tana ciki.

A duba ma yadda aka ɗauki hoton. A tsaye ake yi, ƙirji manne da allo, ya ja numfashi ya riƙe. Laya ko sarƙa da ba a cire ba tana yin inuwar da ke ruɗa mai karantawa.

Ku kai shi CNAT, cibiyar yaƙi da tarin fuka ta ƙasa da ke nan Yamai, da hoton, har da tsofaffi in akwai. Ya kurkure baki da safe, ya fita waje ya yi tari daga can ƙasan ƙirji. Yawu ba ya amfani. Na'urar gwajin kaki ta GeneXpert tana ba da sakamako cikin kamar awa 2, ta kuma nuna ko ƙwayar tana jin rifampisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin siprofulokzasin da masu tebur ke sayarwa. Yana kwantar da tarin na ɗan lokaci, ya ɓoye cutar, ya sa ta taurare. In an tabbatar tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne, wata 6, kuma a kai duk wanda suke kwana ɗaki ɗaya a duba shi, musamman yara ƙanana.